Zuwa ga Edita: Sharuɗɗan shiga mastas ɗin lafiyar al'umma suna barin masu aikin a waje

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wani abu da ba kasafai jaridun Hausa ke taɓa shi ba alhali kuwa yana ci wa ma'aikatan lafiya da yawa tuwo a ƙwarya, wato sharuɗɗan da jami'o'inmu ke gindayawa kafin su ɗauki mutum karatun digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, wanda aka fi sani da MPH.

Ni ma'aikacin lafiya ne a matakin farko, a ƙaramar hukuma nake aiki ɓangaren sa ido kan cututtuka. Ga wanda bai san aikin ba, mu ne idan aka ce ga yaro a ƙauye kaza ƙafarsa ta saki ba gaira ba dalili za mu hau mashin mu je, mu ɗebo kashinsa sau biyu da tazarar awa 24 a tsakani, a sa a akwatin ƙanƙara a tura ɗakin gwajin shan inna na Maiduguri ko na Ibadan, kuma mu ne ke tattara alƙaluman ƙyanda da amai da gudawa da sanƙarau daga ƙananan asibitoci duk mako duk wata mu tura jiha, jiha ta tura Abuja. Toh ka ga wannan aikin shi ne ainihin abin da ake koyarwa a MPH, yadda cuta ke yaɗuwa cikin jama'a, yadda ake ƙirga ta, yadda ake gane annoba tun ba ta bunƙasa ba, tsaftar muhalli, abinci mai gina jiki, lafiyar mata da yara, tsara manufofi da kasafin kuɗin lafiya. Amma abin da zai ba ka mamaki, mafi yawanmu da ke wannan aikin da hannunmu mu ne ba mu cika sharaɗin shiga ajin ba.

Bari in fara da abin da galibi ake nema, don masu karatu su san inda maganar ta dosa. Kusan duk inda ka je za a ce sai kana da digirin farko a fannin lafiya ko wani fanni da ya danganci haka, likita mai MBBS, likitan haƙori, likitan dabbobi, nas mai digiri, mai haɗa magunguna, ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, wasu wuraren har da masu ilimin halittu ko ilimin zamantakewa, kuma sakamakon ya kai aƙalla aji na biyu ƙarami wato tu-tu. Sannan kiredit biyar na sakandare da Turanci da lissafi a ciki, a zaman jarabawa da bai wuce biyu ba. Sai takardar gama bautar ƙasa ko ta yafewa, sai transkirif, wato takardar cikakken bayanin makin da ka samu a karatunka, wanda makarantarka ta farko ce za ta aiko da kanta ba kai za ka riƙo a hannu ba, sai mutum biyu ko uku da za su rubuta shaida a kanka, wasu kuma su ƙara da jarabawar shiga ko intabiyu. Mai HND kuwa a yawancin wurare sai ya fara yin diflomar share fagen mastas da ake kira PGD tukunna, wato ƙarin shekara guda ko fiye da ƙarin kuɗi, kuma ko PGD ɗin ma sai sakamakonsa ya yi kyau.

In ka karanta wannan a takarda ba ka ganin wani aibu. Sai ka zo ka dubi su waye ke riƙe da asibitocin ƙauyukan Arewa sannan za ka gane. Ba likitoci ba ne, kowa ya san haka, akwai ƙananan hukumomin da in ka cire babban asibitin gari ba za ka ga likita ko ɗaya ba. Masu riƙe da wurin su ne JCHEW da CHEW da CHO, wato matakai uku na ma'aikatan lafiyar al'umma daga ƙarami zuwa babba, da dubagari da unguwarzoma da nas masu satifiket, waɗanda suka fito daga makarantun koyon aikin lafiya na jihohi, ko makarantar tsafta ta Kano mai tsohon tarihi, ko kwas ɗin CHO da ake yi a asibitocin koyarwa. Mutum zai fara daga JCHEW ya yi aiki, ya koma ya yi CHEW ya dawo aiki, ya sake komawa ya yi CHO, kafin ya gama wannan hawan tsani furfura ta fara fito masa, ya ga annobar da malamin da zai koyar da shi ma a littafi ya karanta ta, amma ranar da ya je sayen fom ɗin mastas sai a ce masa takardarsa ba digiri ba ce, ya je ya yi PGD, a wasu wuraren ma a ce babbar diflomar tasa ta CHO ba ta cikin waɗanda suka sani.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne batun sakamakon sakandare. Akwai wata abokiyar aikinmu, babbar ma'aikaciya ce wadda duk matan yankin suka sani, ta yi digirinta ta hanyar karatun fatayim da ƙyar da jiɓin goshi tana aiki tana rainon yara, ta fito da sakamako mai kyau, da ta nemi MPH a wata jami'a aka dawo mata da takardunta wai a WAEC ɗinta na tun tana budurwa fas ta samu a fiziks ba kiredit ba. Haba jama'a. Jami'a ce fa ta ba ta digirin nan bayan ta zauna jarabawoyinta ta ci, yanzu kuma wata jami'ar ta koma tana tuhumar abin da ta yi tana 'yar shekara goma sha. Dole baiwar Allah nan ta je ta yi rijistar jarabawar NECO ta masu zaman kansu ta zauna aji ɗaya da sa'annin 'ya'yanta, kuma wannan shekarar ta wuce ta. Ni dai ban ga abin da fiziks ɗin sakandare zai ƙara wa mai shekara da shekaru tana karɓar haihuwa tana bin gida gida tana rigakafi ba. Da lissafi ne ma sai in ce da sauƙi, don shi ana bukatarsa sosai, zan zo kan wannan.

Sai transkirif, wanda shi kam duk wanda ya taɓa neman karatun gaba da digiri a ƙasar nan ya san ɗacinsa. Ka biya kuɗi, a ce ka jira, ka je a ce mai sa hannu ba ya nan, ka koma a ce fayil ɗinka ba a gan shi ba, can jami'ar da ka nema kuma ta sa wa'adi, wa'adin ya cika laifin wasu ya hau kanka. Mai aiki a Abuja ko Kano da ke da mota da wanda zai kira a waya zai iya jurewa, amma wanda ke ƙauye shi kaɗai ne a asibiti, duk ranar da ya tafi bin takarda an rufe asibitin ke nan, mai naƙuda sai dai a nemi wata hanya. Takardar bautar ƙasa ma haka, wanda ya gama bayan ya wuce shekara 30 yafewa ake masa, wanda ya yi fatayim wata takarda daban ake ba shi, kuma sau da yawa ba ka sanin wacce za a karɓa sai ranar sikirinin bayan ka riga ka biya kuɗin fom.

Malam Edita, kar wani ya ɗauka ina cewa a sassauta karatu ne ko a raba mastas kamar goro. A'a. Wannan fanni ne da kuskure a cikinsa ba mutum ɗaya yake kashewa ba, gari guda yake shafa. Wanda bai iya lissafi ba, bai san yadda ake fitar da adadin masu kamuwa cikin kowane mutum dubu ba, bai san bambancin cuta ta ƙaru da kuma an dai ƙara kawo rahotonta ba, bai kamata a ba shi wannan takardar ba ko da shekara nawa ya yi yana aiki. Kuma gaskiya wasunmu ma'aikatan matakin farko muna da rauni wajen rubutun Turanci na bincike da amfani da kwamfuta, wannan ba a ɓoye yake ba. Abin da nake cewa shi ne a gwada mutum a kan abin da karatun ke bukata yanzu. A yi jarabawar shiga ta gaskiya, lissafin ƙididdiga da fahimtar rubutu da tambayoyin aiki, wanda ya ci ya shiga ko da HND gare shi, wanda ya faɗi ya koma ya shirya ko da likita ne. Kuma a sa shekarun aiki a ma'auni da gaske, a ba su maki, ba kawai a rubuta wai ƙwarewar aiki ƙarin tagomashi ce sannan a ajiye a gefe ba.

Ai ba sabon abu ba ne a duniya. Makarantar lafiyar al'umma ta Johns Hopkins a Amurka, wadda aka kafa tun 1916, sharaɗin MPH ɗinta shi ne sai mutum ya yi aƙalla shekara biyu yana aikin da ya shafi lafiya bayan digirinsa in dai ba mai digirin likita ko makamancinsa ba ne, wato su aikin ne ma suke fara tambaya. Tallafin karatu na Chevening na gwamnatin Birtaniya shi ma yana neman shekara biyu na aiki, awa 2,800 suke ƙirgawa, sannan su ce ka rubuta da kanka me ka yi wa al'ummarka me kuma za ka koma ka yi. Kuma ga shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros ɗan ƙasar Habasha da ya hau kujerar a 2017, ba likita ba ne, ilimin halittu ya karanta a digirin farko a Asmara, ya yi mastas a Landan, ya yi digirin digirgir a lafiyar al'umma a Nottingham. Amma mu nan har gobe akwai masu ganin cewa wannan fannin gadon likitoci ne, sauran ma'aikata 'yan rakiya ne. Ina girmama likitocinmu matuƙa, kuma su suna da tasu hanyar ta ƙwarewa a kwalejin likitoci ta ƙasa da ta Afirka ta Yamma wadda ba wanda ke ja da su a kai, MPH kuwa tun asali an yi shi ne don ya tara mutane daga fannoni daban daban a aji ɗaya.

Ko a nan gida mun ga amfanin hakan da idonmu. Shirin nan na horar da masu binciken annoba a fili, NFELTP, da aka fara a 2008 tare da Jami'ar Ahmadu Bello Zariya da Jami'ar Ibadan, shekara biyu ake yi kuma mafi yawan lokacin a fili ake yinsa ba a aji ba, yana ɗaukar likitoci da likitocin dabbobi da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje a haɗe. Lokacin da gubar dalma ta ɓulla a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum inda ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje har yara sama da 400 suka rasu, 'yan wannan shirin suna cikin waɗanda suka bi gida gida suna bincike tare da ƙungiyar likitocin nan ta MSF da sauran hukumomi. Da Ebola ta shigo Legas a watan Yulin 2014 su ne dai suka yi ta bin sawun duk wanda ya yi hulɗa da mai cutar har aka tsayar da ita a kan mutum 20, takwas suka rasu, a watan Oktoba aka ce Najeriya ta fita. Wannan ya nuna cewa idan aka haɗa karatun jami'a da aikin fili ana samun abin da ake so. Toh me zai hana a faɗaɗa irin wannan tunanin ya kai ga CHO da dubagari da unguwarzoma, waɗanda su ne ma kan fara ganin gawar farko kafin labari ya kai jiha? Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Dubi shan inna ma. Kowa ya tuna yadda aka ƙaurace wa rigakafin a Kano a 2003, aka yi ta kai ruwa rana. Ba da alƙaluma kaɗai aka shawo kan jama'a ba, sai da sarakuna da malamai suka shigo, da dattawan masana irin su marigayi Farfesa Umaru Shehu, wanda yana cikin waɗanda suka ɗora harsashin wannan fanni a Zariya, Allah ya jiƙansa, sannan da mata masu bin gida gida da suka san yadda za su yi wa uwar gida magana ta fito da ɗanta daga bayan ƙyaure. Da haka aka kai 25 ga Agustan 2020 da aka ce Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Sai ga mashaƙo ya zo ya turnuƙe Kano da maƙwabtanta a 2023, cutar da allurarta ke nan kyauta a asibitocin gwamnati, abin da ke nuna maka har yanzu matsalarmu ita ce tazarar da ke tsakanin masu tsara manufa a ofis da masu zaman tabarma da iyaye. Mutumin da ya san Hausa da Fulatanci ko Kanuri, ya san mai unguwa da liman, in ka ƙara masa ilimin bincike da ƙididdiga ka samu wanda zai cike wannan tazarar. Shi ne kuma muke korarsa a bakin get saboda fiziks.

Ba zan ƙi faɗin alheri ba, an samu ci gaba. Ibadan na da tsangaya guda sukutum ta lafiyar al'umma mai sassa daban daban, Jami'ar Bayero ta samu cibiyar ACEPHAP da tallafin Bankin Duniya wadda ke mastas a fannoni irin su lafiyar mata da yara da abinci mai gina jiki, jami'ar karatu daga gida wato NOUN ita ma ta buɗe wa ma'aikata da dama hanya. Amma ko an ba ka admishan akwai wani tsaunin a gaba, hutun karatu. Sai hukumar da kake wa aiki ta amince ta sake ka, kuma sau da yawa amsar ita ce ba wanda zai riƙe wurinka, wanda gaskiya ne. Kuɗi kuma daga albashinka, don asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund malaman jami'a da na poli da na kwalejin ilimi take ɗaukar nauyi, mu ba ma ciki. Ga yajin aiki, a 2022 wata takwas jami'o'in gwamnati suna rufe, wanda aka ba hutun shekara biyu ya ƙare bai gama furojek ba. Mata kuwa abin ya ninka musu, ga miji ga yara ga aiki, in lakca Litinin zuwa Juma'a ce a wani gari shi ke nan magana ta ƙare. Da gwamnatocin jihohi za su ware gurbi ko da kaɗan ne duk shekara daga hukumomin lafiya matakin farko, su biya kuɗin, mutum ya sa hannu zai dawo ya yi aiki a ƙaramar hukumarsa na wasu shekaru, da jami'o'i kuma za su yawaita ajin ƙarshen mako, wallahi cikin 'yan shekaru da an ga bambanci.

Idan aka toshe hanyar gaskiya kuma mutane na neman ta ɓarauniya. Mun ga abin da ya faru a farkon 2024 da gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin makonni shida. Ba ina kare masu sayen takarda ba ne, amma akwai bayin Allah da suka kwashe ɗan abin da suka tara suka tsallaka iyaka don kawai su samu takardar da za ta buɗe musu ƙofar mastas, yanzu ga su nan ba tsuntsu ba tarko.

Ga ƙannenmu masu shirin nema kuma, dan Allah kafin ku sayi fom ku je sashen da kanku ku tambaya, kar ku dogara da abin da mai shagon intanet ya gaya muku. Ku tambaya ko mastas ɗin na ƙwarewar aiki ne ko na bincike, don akwai jami'o'in da ba sa karɓar na farkon idan ka zo neman digirin digirgir, mutane da yawa sai sun gama suke jin wannan labarin. Ku nemi transkirif tun kafin a fara sayar da fom, ku duba sunanku da ranar haihuwarku sun yi daidai a duk takardu, ku gyara kiredit ɗin da ya rage tun yanzu tunda har yau ba a canza dokar ba. Ku koyi manhajojin ƙididdiga na kwamfuta irin su Excel da Epi Info ko SPSS tun kuna gida, za ku gode min. Kuma ku sani MPH ba lasisin duba marasa lafiya ba ne, ba kuma tikitin aikin ƙungiyoyin waje ba ne kamar yadda ake ta yayatawa, tun da Amurka ta janye tallafin hukumarta ta raya ƙasashe USAID a farkon 2025 mun ga masu wannan takardar da yawa sun dawo gida zaune. Mai son zuwa Ingila kuma ya lissafa canjin fam da jarabawar Turanci ta IELTS, ya kuma sani tun Janairun 2024 mai mastas na zaman aji, wanda ba na bincike ba, ba ya tafiya da iyalinsa sai in gwamnati ce ta ɗauki nauyinsa.

Roƙona gare ka Malam Edita, kafin a buɗe sayar da fom na zango mai zuwa ka tura wakilanku makarantun gaba da digiri na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, su tambayo musu ainihin sharuɗɗan kowace ɗaya, wane HND suke karɓa, wace takardar bautar ƙasa, nawa ne kuɗin gaba ɗaya, akwai ajin ƙarshen mako ko babu, ku buga mana da Hausa a shafi guda. Sannan a tambayi hukumar kula da jami'o'i ta NUC da hukumar rijistar ma'aikatan lafiyar al'umma ko sun taɓa zama tebur ɗaya a kan makomar karatun CHO da CHEW, in sun zauna me suka cimma, mu ji daga bakinsu.

Na gode, Allah ya saka da alheri. Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
Ma'aikacin lafiya matakin farko, daga Jihar Katsina